Tashar Iskar Gas Ta Maiduguri: Hayaƙi, Farashi Da Lissafin Da Ya Rage Wa Ɗan Kasuwa

Duk wanda ya yi azumin shekarar 2021 a Maiduguri ba ya bukatar a ba shi labarin abin da rashin wutar lantarki ke yi wa kasuwa. An ɗauki azumin ne ranar 13 ga watan Afrilu, a tsakiyar bazara, lokacin da zafi kan haura digiri 40, ga shi kuma birnin ya shafe kusan wata uku cikin duhu. Ƙanƙara ta zama sai mai hali. 'Yan garuwa sun ƙara kuɗin jarka domin rijiyoyin burtsatse sun koma kan janareta. Masu walda da teloli da masu injin niƙa kuwa, wanda bai rufe shago ba, ya wayi gari kamar gidan mai yake yi wa aiki, domin abin da ya samu da rana can yake ƙarewa da yamma.

Idan dai ba a manta ba, cikin watan Janairu na wannan shekara ne 'yan tada ƙayar baya suka kayar da dogayen turakun ƙarfe da ke ɗauke da babban layin wuta mai ƙarfin kilobolt 330 daga Damaturu zuwa Maiduguri, a dajin da hanyar Benisheikh da Mainok da Jakana ta ratsa. Injiniyoyin kamfanin dakon wuta na ƙasa, wato TCN, sun yi aikin gyara bisa rakiyar sojoji har wuta ta dawo ranar 24 ga Maris. Murna ba ta daɗe ba. Ranar 27 ga watan aka sake dasa nakiya a gindin wasu turaku biyu, birnin ya koma inda ya fito, kuma sai wajen ƙarshen shekarar ne wuta ta soma leƙa wasu unguwanni ta wani ƙaramin layi da aka farfaɗo da shi. Daga cikin wannan duhu ne maganar gina wa Maiduguri tashar wutarta ta kanta ta taso.

Tsohon Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya ba kamfanin mai na ƙasa, NNPC, umarnin samar da mafita, kuma shugaban kamfanin na lokacin, Malam Mele Kyari, wanda ɗan jihar Borno ne, ya sanar da shirin kafa tasha mai aiki da iskar gas wadda za ta ba da megawat 50. Cikin watan Agusta na 2021 aka sa hannu kan kwangila da kamfanin CMEC na ƙasar Sin domin gini, da kamfanin General Electric na Amurka domin injin. An kafa tashar a yankin Titin Baga, aka kuma ƙaddamar da ita ranar 2 ga Maris, 2023, 'yan kwanaki bayan gobarar da ta cinye Kasuwar Monday. Kafin a ci gaba, akwai wani ruɗani na harshe da ya kamata a kawar. A bakin direbobi da masu janareta, “gas” na nufin man dizal. Abin da wannan tasha ke ƙonawa dabam ne: iskar gas ce ta ƙarƙashin ƙasa, 'yar'uwar wadda ake girki da ita. A wannan nazari za mu riƙa cewa dizal idan muna nufin man, iskar gas kuma idan muna nufin makamashin tashar.

Tun daga lokacin da aka ambaci shirin, ra'ayi ya rabu. Wasu na ganin kuɗin da za a zuba a sabuwar tasha gara a kashe shi wajen tsare layin Damaturu da kuma tayar da tsohon layin da ke bi ta Biu da Damboa, tunda wutar da ke zuwa daga madatsun ruwa na Kainji da Jebba da Shiroro da tashoshin kudu ta fi araha. Amsar da aka ba su ba ta bukatar dogon bayani: layin da ya ratsa daji na fiye da kilomita 130, turke ɗaya aka kayar an gama da shi, kuma abin da ya faru ranar 27 ga Maris ya isa hujja. Wasu kuma suka ce me zai sa a jawo iskar gas daga kudu zuwa garin da Allah Ya hore wa rana fiye da galibin garuruwan Nijeriya? Sai kuma masu tsoron hayaƙi da ƙarar injin a tsakiyar jama'a, da zirga-zirgar manyan tankoki masu ɗauke da abin da ke iya kamawa da wuta. Waɗannan ra'ayoyi biyu na ƙarshe su ne suka cancanci a tsaya a kansu, domin har yau ba su mutu ba, kuma duk garin da za a kai wa irin wannan tasha nan gaba sai ya sake jin su.

Bututu ɗaya, ko salansa dubu?

Mai tsoron hayaƙin tasha yana da gaskiyarsa, amma yakan yi kuskure wajen awo. Yakan kwatanta tashar da iska mai tsabta, kamar a ce kafin zuwanta Maiduguri ba ta ƙona kome. Abin da ya dace a kwatanta ta da shi su ne dubban janaretocin da ke kuka a ƙofar shaguna da bayan ɗakunan kwana. Lokacin da layi ya yanke a 2021 bukatar wuta ba ta yanke ba, sai dai ta warwatsu zuwa cikin ƙananan injuna, kowanne da salansarsa a daidai hancin mai wucewa.

Bari mu auna. Litar dizal guda idan ta ƙone tana fitar da kimanin kilo 2.7 na iskar kabon dayoksaid, wadda ita ce babbar mai ɗumama duniya. Janareta matsakaici mai lafiya yakan ba da kimanin yunit uku na wuta daga wannan lita, wato kowane yunit ya tashi a kan kusan giram 900. Injin iskar gas irin na Titin Baga, idan yana aiki shi kaɗai, abin da yake fitarwa a kan yunit bai cika wuce giram 600 ba. Idan kuwa aka haɗa masa tukunyar da ke tara zafin hayaƙinsa ta mayar da shi tururi ya juya wani injin, kamar yadda aka tsara domin ɗaga tashar daga kimanin megawat 32 na kashin farko zuwa 50, sai adadin ya sauko wajen giram 400, domin an sami ƙarin wuta ba tare da ƙarin makamashi ba.

Sai dai ba ɗumamar duniya ce ke sa yaro tari a Gwange ko Bulumkutu ba. Abin da ke shiga huhu shi ne baƙin ɓurɓushin da dizal ke fitarwa, mai ƙanƙantar da ido ba ya gani, wanda ke wucewa har cikin jini. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta rage ma'aunin da take ganin ya dace na wannan ɓurɓushi zuwa maikirogiram biyar a kowace kyubik mita ta iska a matsakaicin shekara, ta kuma ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar waje ta jawo mutuwar mutum miliyan 4.2 a duniya cikin 2019. Ƙaramin janaretan nan da ake gauraya wa fetur da baƙin mai ya fi kowanne muni a kan girmansa, domin wani sashe na man yana fita ne ba tare da ya ƙone ba. Ga kuma iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, wadda ta sha halaka iyali guda a dare ɗaya a sassan ƙasar nan saboda an shigar da janareta cikin gida don tsoron ɓarayi. Iskar gas kusan ba ta da baƙin ɓurɓushi, kuma ana tace farar wuta daga cikinta kafin a daskarar da ita. Abin da injinta ke fitarwa mai illa ga ƙirji shi ne sinadarin naitirojin oksaid, wanda tsananin zafin ƙuna ke haifarwa, kuma akwai dabarun rage shi. Daɗin daɗawa, hayaƙinta na fita ne daga bututu guda mai tsawo wanda jami'in kula da muhalli zai iya zuwa ya auna. Wane ne zai bi shago shago yana auna salansa?

A nan ya kamata a yi wa masu ƙorafi adalci. Iskar gas ɗin da ta tsira daga bututu ko tanki ba tare da ta ƙone ba ta fi kabon dayoksaid riƙe zafi nesa ba kusa ba, kuma daskarar da ita da jigilarta duk suna cin makamashi, saboda haka ratar da ke tsakaninta da dizal ba ta kai yadda lissafin bakin bututu ke nunawa ba. Haka kuma maƙwabcin tasha shi ke kwana da ƙararta, alhali amfaninta na garin ne baki ɗaya. Neman a riƙa bayyana sakamakon awon hayaƙi da na ƙara ga jama'ar unguwa ba tsaurin ido ba ne.

Akwai kuma wani hayaƙin da tashar ba ta taɓa shi ba. Masu gidajen burodi da masu tuwo-tuwo da mafi yawan gidajen aure da itace ko gawayi suke aiki, kuma a Borno kuɗin itace ya haɗa da rayukan masu shiga daji su saro shi, waɗanda aka sha kai wa hari. Ga hazon hunturu da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, wanda babu dokar da za ta hana shi zuwa. Don haka kada mai karatu ya ɗauka cewa kashe janareta zai wanke sararin Maiduguri tas. Zai dai cire kason da ke hannunmu, wanda kuma ya fi kusa da hanci.

Daga waya zuwa kwalta

Tambayar da ta fi damun ɗan kasuwa ita ce: daga ina iskar gas ɗin ke zuwa? Babu bututun da ya iso Maiduguri. Babban bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a watan Yuni na 2020, a Kano ya tsaya a taswira. Rijiyoyi 23 da aka haƙa a yankin Tafkin Cadi a ƙarnin da ya wuce ba su ba da abin da ya isa kasuwanci ba, ko da yake an koma haƙa a Wadi da ke ƙaramar hukumar Jere cikin Mayu na 2023. Saboda haka aka ɗauki hanyar mota. Ana sanyaya iskar har zuwa digiri 162 ƙasa da sifiri, ta koma ruwa, girmanta ya ragu sau 600, a ɗura ta cikin tankoki masu riƙe sanyi daga masana'antar kamfanin Greenville da ke Rumuji a jihar Ribas, a yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 da ita, sa'an nan a sake mayar da ita iska a bakin injin.

Mu yi lissafi irin na bayan takarda. Injin da ke ba da megawat 32 dare da rana zai samar da yunit 768,000 a yini. Kilo ɗaya na daskararriyar iskar gas, a irin wannan injin, yakan ba da kusan yunit biyar. Ke nan ana bukatar wajen tan 155 zuwa 160 kowace rana. Idan tanka guda na ɗaukar tan 20, to kimanin tanka takwas ne za su riƙa sauke kaya kullum, ban da waɗanda ke kan hanya suna zuwa da waɗanda suka juya ba kaya. Duk wanda ya taɓa loda kifi ko wake daga Maiduguri zuwa kudu ya san abin da wannan ke nufi: gada ta karye, yajin aikin direbobi, shingayen bincike, ramukan damina. Kuma sashen ƙarshe na tafiyar yana bin hanyar nan ce ta Damaturu da turakun ke gefenta.

Ma'ana dai, tashar ba ta kawar da hatsari ba, ta ɗauke shi ne daga waya ta ɗora a kan kwalta. Duk da haka, a ganinmu, canjin ya yi riba. Turke idan ya faɗi wuta na ɗaukewa nan take, gyara kuma sai an yi makonni ko watanni. Tanka idan ta makale wata na iya biyo bayanta, ana kuma iya tara ajiyar kwanaki a tankunan tasha. Amma ribar tana da farashi. Iskar da aka daskarar aka kuma yi dakonta a mota dole ta fi wadda ta bi bututu tsada, don haka yunit ɗin da ya fito daga Titin Baga ya fi na Shiroro tsada tun kafin ya hau waya. Wannan rata sai wani ya biya ta, ko gwamnati, ko kamfani, ko mai shago. Babu wanda ya taɓa ganin tanka ta tashi daga Ribas a kan bashi har abada.

To ina maganar rana? Hujjarta na da ƙarfi, kuma tana ƙara ƙarfi kowace shekara, domin farashin faifan sola ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2020. Hukumar samar da wuta a karkara, REA, ta gina wa Jami'ar Maiduguri da asibitin koyarwarta tashar sola ta megawat 12 da tallafin Bankin Duniya, wanda ya nuna cewa abin mai yiwuwa ne a babban sikeli. Sai dai megawat na sola da megawat na iskar gas ba tagwaye ba ne. Megawat ɗaya na faifai, a rana irin ta Borno, yakan ba da kusan yunit 5,000 a yini. Kafin a sami yunit 768,000 ɗin da muka lissafa sai an shimfiɗa faifan da ya haura megawat 150, a kan fili mai ɗaruruwan hekta da ke bukatar tsaro, sa'an nan a sayi batura masu riƙe wutar dare. A 2021, ga birnin da ke neman agajin gaggawa, wannan ba abin watanni ba ne. Wani abin dariya shi ne hazon hunturu bai bar kowa ba: yana rufe fuskar faifan sola, yana kuma toshe matatar iskar injin gas. Zafin bazara ma haka, yana rage ƙarfin su biyun, a daidai lokacin da kowa ya kunna fanka da firiji.

Inda maganar ta dawo kan mai shago

Duk alherin da aka ce tashar za ta yi wa iskar gari ya rataya ne a kan abu guda: mai shago ya kashe janaretansa. Shi kuwa ba zai kashe don an yi masa wa'azi ba, sai don lissafi ya nuna masa. Abin mamaki shi ne da yawa daga 'yan kasuwarmu, waɗanda ba a iya cutarsu da kwabo a kan buhun masara, ba su san nawa yunit ɗin wuta ke tsaya musu ba. Sun san kuɗin man da suka zuba, sun san takardar da kamfanin raba wuta na Yola, YEDC, ya kawo, amma ba su taɓa ɗora su a sikeli ɗaya ba.

Ga yadda ake yi. Yunit guda shi ne wutar da na'ura mai wat 1,000 ke ci cikin awa ɗaya. A ɗauka litar dizal na Naira 1,200, kamar yadda ta yi ta kaiwa cikin 2024. Raba ta uku, yunit ya kama Naira 400, kafin a sa kuɗin baƙin mai da matata da makanike da tsufan injin. Ƙaramin janaretan fetur da ƙyar yake ba da yunit ɗaya da rabi daga lita. Tun da aka janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, farashi ya yi ta hawa har lita ta haura Naira 1,000 a ƙarshen 2024, wato yunit ya wuce Naira 650 a lokacin. A ɗaya gefen kuma, cikin Afrilu na 2024 hukumar kula da harkar wuta, NERC, ta ɗaga kuɗin masu rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a yini, daga ƙasa da Naira 70 zuwa Naira 225 a kan yunit, kafin a ɗan sassauta. An yi kuka ƙwarai, kuma kukan na da dalili. Amma a sikeli, wuta mafi tsada ta waya ba ta kai rabin ta ƙaramin janareta ba, kuma tana ƙasa da ta dizal da nisa. Mai karatu ya sa farashin da ke garinsa yau a gurbin waɗannan, hanyar lissafin ba ta canjawa.

Matsalar ita ce wannan lissafi ba ya aiki sai da mita. A 2024 fiye da rabin masu hulɗa da kamfanonin raba wuta a Nijeriya ba su da ita, ana kawo musu takarda ne bisa ƙiyasi. Wanda ake yi wa ƙiyasi ba shi da dalilin kashe ƙwai da rana, tunda ko ya kashe ko bai kashe ba kuɗin ɗaya ne, kuma ba shi da ƙwarin guiwar biya tunda yana ganin an zalunce shi. Idan bai biya ba kamfanin rabawa ya kasa biyan tasha, tasha ta kasa biyan mai kawo iskar gas, tanka ta tsaya, janareta ya tashi, hayaƙi ya dawo. Tun zamanin NEPA ake wannan zagaye, kuma sayar da kamfanonin ga 'yan kasuwa a Nuwamba na 2013 bai karya shi ba. Shi kansa kamfanin Yola, wanda ke kula da Adamawa da Taraba da Borno da Yobe, masu jarinsa na farko sun mayar wa gwamnati shi a 2015 saboda rashin tsaro. A tashar da makamashinta ke zuwa a mota, zagayen ya fi gajarta, illarsa kuma ta fi saurin bayyana.

Da zarar mita ta shiga, tsimin wuta ya tashi daga nasiha ya zama riba. Ɗauki shagon magani ko ƙaramin otal mai ƙwayaye 20 na tsohon yayi, masu wat 60, da ke ci awa goma a yini. Idan aka musanya su da ƙwayayen zamani masu wat tara, waɗanda haskensu ɗaya ne, an rage wat 51 a kan kowanne, wato yunit 10.2 a yini, ko yunit 306 a wata. A kan Naira 225 wannan ya kusa Naira 69,000, a kan janaretan dizal kuwa ya haura Naira 120,000. Kuɗin sababbin ƙwayayen zai dawo kafin wata ya ƙare. Tsohon ƙwan nan kuma mafi yawan abin da yake ci zafi yake mayarwa, zafin da fanka ko na'urar sanyaya ɗaki za ta sake cin wuta ta kore shi.

Amma babban nama yana wajen masu sanyi da masu injin. A Maiduguri sana'ar ƙanƙara da ruwan leda da ajiye kifi da nama da allurai ita ce ke shan wuta da gaske. Tsohon firijin gwanjo da robar ƙofarsa ta saki, wanda aka jingina da bango ta yadda bayansa ba ya shan iska, ƙarƙashin rufin kwano da ba shi da silin, yana iya yini injinsa bai huta ba. Sauya roba, share ƙurar bayansa kowane mako a lokacin hunturu, matsar da shi daga bango, da sa silin ko shafa wa kwano farin fenti, duk ba su kai kuɗin jarkar dizal biyu ko uku ba. Haka nan janaretan da ya fi ƙarfin aikin da aka ɗora masa: injin da aka saya don taƙama, yana jan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfinsa, yana shan mai fiye da kima a kan kowane yunit, yana kuma tara baƙin toka a cikinsa. Mai rijiyar burtsatse kuwa ya fi kowa sa'a, domin tankinsa na sama shi ne baturinsa: ya ɗaga ruwa da sola tsakar rana, ya sayar da dare.

A tara irin wannan a faɗin gari a ga abin da zai zama. Idan shaguna da gidaje 20,000 suka rage wat 250 kowanne a lokacin da bukata ta fi yawa, wato bayan magariba, an sami megawat biyar, kashi ɗaya cikin goma na duk abin da aka tsara tashar za ta bayar, ba tare da an ƙara tanka ko ɗaya a kan hanyar Damaturu ba. Wannan wutar ce za ta isa unguwar da ake yanke wa don a ba wata.

Dokar ma ta canja ta yadda ƙungiyoyin 'yan kasuwa ke da bakin magana fiye da dā. Gyaran tsarin mulki na Maris 2023 da Dokar Wutar Lantarki da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a Yuni na wannan shekara sun ba jihohi ikon tsara kasuwar wuta a cikin iyakokinsu. Tun 2018 kuma aka gwada ba shagunan Kasuwar Sabon Gari ta Kano wutar sola mai mita a ƙarƙashin wani shirin REA, inda kamfani ke zuba jari mai shago kuma ya biya abin da ya sha. Kasuwar da aka sake ginawa bayan gobara, kamar Kasuwar Monday, ko shagunan da suka sake sayen kayan aiki bayan ambaliyar madatsar Alau ta watan Satumba 2024, su ne suka fi sauƙin shiga irin wannan tsari, domin rufin sabo ne, wayoyin ma sababbi ne. Sola ta ɗauki rana, tashar Titin Baga da layin Damaturu su ɗauki dare, janareta ya koma abin da aka ƙera shi dominsa, wato jiran ko-ta-kwana.

Shugabannin ƙungiyar da za su zauna da jami'an YEDC ko na ma'aikatar jiha za su fi samun biyan bukata idan suka shiga da alƙaluma maimakon koke. Wane layi ne ke ba kasuwarsu wuta, kuma a wane rukuni aka sa shi? Awa nawa ya bayar a watan jiya, bisa rajistar da su da kansu suka riƙe? Shaguna nawa ne ba su da mita? Ajiyar kwana nawa tashar ke da ita idan hanya ta toshe? Kafin wannan zama, kowane mamba ya ware shafi guda a littafin cinikinsa na tsawon kwana talatin, ya riƙa rubuta litar da ya zuba, da awannin da janareta ya yi, da abin da mita ta nuna safe da yamma. Watan Fabrairu ya fi dacewa da wannan aiki, kafin zafin Maris ya shigo farashin ƙanƙara ya tashi.